Layin da Ya Shiga Ɗakin Inna

Har gobe idan mutum ya tare ni yana rantsuwa cewa layin wayarsa ya fi na kowa, ba na musu da shi. Tambaya ɗaya nake yi masa: a ina ka tsaya da ka gwada? Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi, su ce ni komai sai na sa masa ƙa'ida. Ba su yi mini ƙarya ba. Malamin gona ne ni, aikin kuwa ya saba mini da taɓa buhu kafin in yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Amma wannan tambayar a ɗakin mahaifiyata na samo ta, shekarar da Baba ya rasu.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da isowa Bagudo ba. Kamfani biyu ne suka kafa ƙarfen sabis a garin, mu kuma ba mu wahalar da kanmu da sunayensu ba. Wanda ya riga zuwa shi ne tsohon layi, wanda ya biyo baya sabon layi. Tun da aka ƙaddamar da shari'a aka rufe wuraren da wasu ke kashe yammacinsu, teburin mai shayi na bakin tasha ya zama majalisar kowa, har da mutanen da a da ba ka ganinsu sai da safe da jajayen idanu. Da aka rasa abin yi sai aka kama gardama. Majalisa ta rabu gida biyu, 'yan tsohon layi a benci ɗaya, 'yan sabon layi a ɗayan, mai shayi a tsakiya yana goyon bayan duk wanda ya sa a soya masa ƙwai. Ni a lokacin ɗan kallo ne, ina da waya, tana kira, ban nemi ƙari ba.

Ƙauyenmu yana bakin kogin Kwara, yamma da Bagudo, dab da iyakar Benin. Tsofaffinmu har yanzu Faransa suke ce wa tsallaken iyakar. Baba masunci ne, ya rasu da kaka ana cikin yankan shinkafa, Inna ta shiga takaba. Takaba irin ta mutanen da ta yi: ba kwalli, ba lalle, ba leƙa ƙofar gida. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakinta ta zauna, mata suna zuwa suna tafiya.

Babbar yayata kuwa tana aure a Ibadan, mijinta yana sayar da bandar kifi. Ta yi shekaru a ɗakin miji, ciki ya shiga ya fita, ba ta taɓa riƙe ɗa mai rai ba. A wannan shekarar ne ciki ya tsaya har ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya, ko gaisuwar Baba ba ta samu zuwa ba. A al'ada gida za ta dawo ta haihu a gaban Inna. To, ita ba halin tahowa, Inna ba halin tafiya.

Akwai kuma wani abu tsakaninsu. Yaya ita ce 'yar farin Inna, don haka akwai kunya. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zama da ita su yi hira, kakarmu ce ma ta raine ta. Muna yara, in Inna tana son Yaya ta ɗebo ruwa, ni take kallo ta ce, “A ce ma waccan randa ta bushe,” alhali Yaya tana tsaye a gefenta. Haka muka taso, ba wanda ya ga abin a matsayin rashin so. Da na zama ɗan aike tsakaninsu, in kira Ibadan daga Bagudo, ƙarshen mako in hau babur in kai labari ƙauye, Inna ba ta taɓa tambayata lafiyar Yaya kai tsaye ba. Sai ta gama tambayar aikina da kuɗin taki da ciwon ƙafar maƙwabcina, sannan ta kawar da kai ta ce, “Mutanen kudu hwa, ruwa ya ɗauke musu?”

Wata rana na kira, Yaya ta karɓi wayar daga hannun mijinta. Muryarta ta yi sanyi.

“Ƙanena,” ta ce, “na gode da saƙonni. Amma ni muryar Inna nika son ji kahin in durƙusa. In roƙe ta gahwara da bakina, ta amsa da nata. Ka san yadda abinga yake.”

Na sani. Mace in haihuwa ta matso takan nemi yafiyar mahaifiyarta, don ba ta san yadda za ta kasance ba, balle wadda ta sha wuya irin Yaya. Na ji tsoro a ranar, tsoro sosai, na kuma ji kunyar cewa ina ta murna da aikin ɗan aike ban lura ba shi take bukata ba. Na ce mata in sha Allahu za ta ji. Na yanke shawarar saya wa Inna waya. Saura layi, kuma daga ranar gardamar majalisa ta daina ba ni dariya, na koma sauraro da kunne biyu.

Rediyo na fara saurara. Kowane kamfani ya ce shi ne ya game ƙasa, daga teku har hamada, da kiɗa mai daɗi. Wannan ban ɗauke shi shaida ba, ba mai tallan furarsa ya ce ta yi tsami. Sai wani abokinmu ma'aikacin sakatariya ya zo da jarida daga Birnin Kebbi, ya baje ta a kan tebur yana buga ta da yatsa. An gwada layukan, an ce sabon layi ya yi zarra. 'Yan bencinsa suka yi ta shewa. Na karɓa na karanta a tsanake, sai na ga a Legas da Abuja da Kano aka yi gwajin. Na juya shafi, ga tallan sabon layin nan ya cika shi daga sama har ƙasa. Ban ce an sayi hukuncin ba, ban sani ba. Na dai ce da mai jaridar ya nuna mini inda aka ambaci Bagudo, ya ce ni matsalata ƙauyanci.

Na je wurin mai shagon waya, wani Ibo da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma irin tamu. Mutumin kirki ne, ran Lahadi kawai yake rufe shago. Na ce ya gaya mini tsakaninsa da Allah wanne ya fi.

“Malam,” ya ce, “ni duka biyu nika saidawa. Wanda kas saya, shi na mai kyau.”

Na yi dariya, na ce to don ƙauyenmu nake tambaya. Ya ce bai taɓa zuwa ƙauyenmu ba, don haka ba zai ɗauki alhakina ba. Duk cikin waɗanda na tambaya shi kaɗai ya ce bai sani ba, na kuwa ƙara ganin girmansa.

Wani direba mai zuwa Dole Kaina ya rantse cewa tsohon layi bai taɓa yanke masa ba, daga Bagudo har bakin iyaka. Na tambaye shi ko yana waya a hanya. Ya ce Allah ya kiyaye, shi ba ya waya yana tuƙi, sai ya tsaya a tasha. Ashe tashoshi ya gwada, ba hanya ba.

Ƙarshe majalisa ta ce a raba gardama a gaban kowa. Aka ajiye waya biyu a kan teburin mai shayi, aka kira wani bawan Allah a Birnin Kebbi, ƙanin ɗaya daga cikinmu. Sabon layi ya riga shiga. 'Yan tsohon layi suka ce ai wayar ce ta fi tsada, ba layin ba. Aka musanya sim, aka sake kira, sai tsohon layi ya riga. 'Yan sabon layi suka ce ai yau kasuwa, mutane sun yi wa layinsu yawa saboda farin jini. Aka sake, aka kuma sakewa, har mutumin Birnin Kebbi ya gaji ya kashe wayarsa. Duk wannan kuwa a ƙarƙashin ƙarfen sabis ake yinsa, in ka ɗaga kai daga benci kana hango su duka biyun. Ni ma da nake yawon gonaki na san a Bahindi wannan ke kamawa, a Matsinkai sai ka hau tudu wancan ya leƙo. Na lura ba wanda ke yin ƙarya a cikinsu. Kowa yana ba da labarin inda ƙafarsa ta taka, sai ya kira wurin Nijeriya.

Da na ga haka na sayi waya ƙarama mai manyan lambobi, na sayi sim na kowane layi, na ɗaure a babur na nufi gida.

A ƙauye ma na tarar an rabu biyu. Masunta sun ce sabon layi, domin yana kamawa a kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Malaman firamare sun ce tsohon layi, domin akwai wani suri a bayan makaranta, in ka hau kansa ka fuskanci gabas magana ras. Har an tattake kan surin ya yi sumul. Na gwada duka biyun, kowa ya yi gaskiya. Na shiga ɗakin Inna cike da murna, na sa sim na farko, 'yan sandunan nan masu nuna ƙarfin sabis ko ɗaya babu. Na sa na biyu, haka. Na fito tsakar gida ina ɗaga waya sama, na je madafa, na je bayan rumbu, na taka turmi, na leƙa ta kan danga. Kaji suka watse, matar kawuna ta tsaya da tankaɗe tana kallona. Kawu ya kawo shawarar a ɗaura waya a kan doguwar gora. Na ce to Inna kuma a kan me za a ɗaura ta?

Na je wurin liman. Ya ce mai takaba tana iya fita da rana in akwai bukata, ta dawo ta kwana a ɗakinta, wannan kuwa bukata ce. Na dawo da fatawata da sauri na shimfiɗa wa Inna. Ta saurara har na gama.

“Liman na da gaskiya tai,” ta ce. “Amma ba shi za ya tsaya kwata ba. In tahi cikin maza da mayahin takaba, ƙasar kabarin ubanka ba ta bushe ba, in ɗaga murya kowa na ji? Ko suri kaka son in hau?”

Na gane ba fitar ce kawai ta dame ta ba. Matar da ba ta taɓa yi wa 'yar farinta magana a gaban mutanen gida ba, ita ce za ta tsaya a kwata, masunta suna gyaran koma, ta yi maganar da ta fi kowace nauyi? Ko ni ba zan so a gan ta a haka ba. A nan ne abin ya faɗo mini. Jarida, direba, majalisa, masunta, malamai, ni kaina, dukkanmu maza ne, dukkanmu a waje muka tsaya. Ba wanda ya taɓa gwada layi a cikin ɗakin mace, ɗakin ƙasa mai kauri da 'yar taga ɗaya. Ni kuma ba ni da ikon bin gidajen mutane ina shiga ɗakunan matansu da waya a hannu.

Na koma Bagudo jiki a sanyaye. Da mijin Yaya ya kira na ce ana kan ƙoƙari. Ya ce a hanzarta, ƙafafunta sun fara kumbura, ungozoma ta ce ba nisa.

Mako na zagayowa na dawo ƙauye ba tare da wata dabara ba. Ina zaune a bakin ƙofar Inna sai ga ƙawarta ta shigo, wata Badandiya da muke kira Gwaggo, mai kai bandar kifi kasuwar tsallake. Mace ce mai jiki da murya, in ta yi sallama a zaure ana amsawa a gida na uku. Ta zauna a bakin gadon Inna, wajen tagar yamma, ta fara ba da labarin wani jami'in iyaka da ya ce zai ɗanɗana kifinta ya cinye rabin kwando. Ana cikin haka sai wani kiɗa ya tashi daga ƙugunta. Ta kwance bakin zani, ga goro, ga waya. Ta kara a kunne ta ce “Alo,” ta shiga Dandanci, ta yi faɗa, ta yi dariya, ta kashe, ta mayar ta ƙulle. Ni kuwa na miƙe tsaye ban sani ba.

“Gwaggo, wane layi na wanga?”

“Na Faransa na,” ta ce. “Shi ka shiga ɗaki. Naku sai su tsaya waje awa baƙon da ba a yi ma iso ba.”

Ashe matan unguwarmu sun daɗe suna amfani da wayarta. Mai ɗa a Legas, mai miji a ci-rani, duk ita suke aika wa ta shigo, a rufe labule a yi magana. Ban san ilmin abin ba, amma na ji an ce akwai ƙarfen sabis a kan wani tudu a tsallaken iyaka, unguwarmu kuma ita ce ta yamma. Gwaggo dai ba ta tsaya nan ba. Ta ce layinta duk duniya babu kamarsa, ko cikin rijiya ka shiga zai same ka. Daga baya na nufi Bagudo da irinsa, tun kafin in kai rabin hanya ya mutu murus. Ita ma 'yar majalisa ce, benci kawai ta rasa.

Ranar kasuwar tsallake ta sayo mana sim. Na sa a wayar Inna, na bi ɗakin kusurwa kusurwa. A kan tabarmarta babu komai, a bakin ƙofa yana zuwa yana tafiya, amma a kan gado wajen taga sanduna suka tsaya cak. Na ba majalisa labari da na koma Bagudo. Ranar ce kaɗai na ga benci biyun sun haɗa baki: wannan ba ya cikin gasa, ba na ƙasarmu ba ne. Na ce na ji, a zuba mini shayi. Mijin Yaya kuwa da na karanta masa lambar ya ce in sake, ta yi tsawo. Na ce ta ƙasar waje ce. Ya yi ta dariya, wai sai ya fita Nijeriya kafin ya gaida surukarsa da ke cikin Nijeriya. Muka yi da shi zai kira ran Juma'a bayan la'asar.

Ran Juma'a Inna ta tashi daga tabarma ta hau gado ba tare da na roƙe ta ba. Ta gyara mayafi, ta sa matar kawu ta kwashe yara zuwa zaure. Da na tashi zan fita ta ce in zauna. Wayar ta yi ƙara, ta bar ta tana yi, tana kallonta kamar za ta cije ta. Na danna na miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu ta kai kunne. Na ƙure ƙarar tun da farko, don haka ina jin komai daga bakin ƙofa.

“Inna,” in ji Yaya. “Inna, ni ta. Ina wuni? Ya haƙuri?”

Inna ta ƙara manna wayar a kunne. Yaya ta fara kuka a hankali, ta ce lokaci ya matso, ta ce duk abin da ta taɓa yi mata, wanda ta sani da wanda ba ta sani ba, ta yafe mata.

Inna ta juyo ta kalle ni, wayar tana manne a kunnenta, bakinta dab da ita.

“Ka ce mata ba ta yi mani komi ba,” ta ce. “Ka ce mata tun tana ƙarama ba ta taɓa ɓata mani rai ba. Na yahe, duniya da lahira.”

Na buɗe baki, ban kai ga cewa komai ba muryar Yaya ta fito: “Na ji, Inna.”

“Ka ce mata ta bar kukanga, ba shi da kyau ga mai ciki. Ta riƙa tahiya tsakar gida da sahe. Ka ce mata kullum ina roƙon Allah, ba dare ba rana.”

“Na ji, Inna.”

Haka suka yi ta yi har kati ya ƙare a can. Inna tana ba ni saƙo, Yaya tana amsawa, ni ina zaune a dokin ƙofa ban isar da ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Da layi ya yanke Inna ta goge fuska da bakin mayafi, ta ce hayaƙin madafa ya yi yawa yau. Ba a hura wuta ba tukuna, amma na ce ƙwarai kuwa. Na miƙa hannu zan karɓi wayar in kai caji, ta ce in nuna mata inda ake dannawa tukuna.

Yaya ta sauka lafiya cikin makon da ya biyo, namiji. Ranar ina Matsinkai wajen manoma, matar kawu ta tafi rafi, kawu yana kwata. Da wayar ta yi ƙara Inna ce kaɗai a gidan, ita ta danna da kanta. Mijin Yaya ya ce mini sun daɗe suna magana, har ya gaji da tsayuwa ya bar musu wayar ya fita. Na sha tambayar Yaya wa Inna ta ba saƙo a ranar, tun da babu kowa a ɗakin. Takan yi murmushi ta ce wannan tsakaninta da uwarta ne.